Hauyar Sanda

Ranar Laraba da ta wuce wani ɗan sitaj, mai koyon aikin jinya, ya same ni zaune a ƙofar gidana a Tasawa, yana sanye da farar rigar likita tas kamar ranar aka karɓo ta daga tela. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce ya zaɓi ɓangaren masu taɓin hankali ne don ya ji an ce can aiki ya fi sauƙi: babu jini, babu karɓar haihuwa, babu ɗinki. Ka rubuta ƙwaya, ka yi allura, ka koma inuwa. Na dube shi har ya fara gyara wuyan rigarsa. Ban zage shi ba, don uwarsa maƙwabciyarmu ce, amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba da shi kaɗai nake ba, da duk ku masu fitowa daga lakwal, wato makaranta, da wannan tunani a ka. Sunana Isuhu, ko da yake daga Tasawa har ƙauyukan Mayahi ba wanda ya san ni da shi. Majo kawai ake ce mini, kamar yadda ake ce wa duk babban ma'aikacin jinya. A wannan ɓangare da kuke rainawa na yi furfura.

Fitata ta farko ƙauye, a bayan Majo Labo na hau moto, wato babur, shi ne ya koya mini aikin. Dogo ne, bakinsa ja da goro, ba ya son yawan tambaya. An kira mu gidan wani mutum da aka ɗaure a bayan ɗaki. Muna sauka na zuƙo allura na nufi wurin, ina jin kaina lokotoro, babban likita. Sai na ji an finciko ni ta baya.

"Ina za ka da wannan? Tuɓe rigar ga, ka ɓoye allurar. Gidan mutane ka shigo, ba garken awaki ba."

Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da mutumin, ya yi sallama kamar ya zo gaida surukinsa. Ya tambayi lafiya, ya tambayi gona, ya tambayi ruwan rijiya. Mutumin ya tofa masa yawu, Labo ya goge ya ci gaba da zancen hatsi. Har la'asar ba abin da muka yi sai wanke gyambon da ƙarfe ya yi masa a idon sawu, muka shafa magani. A hanyar komawa na ce, "Majo, esansin moto munka ƙona a banza yau." Ya ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga. Da muka koma mako na gaba, mutumin da kansa ya miƙo hannu ya karɓi ƙwayar.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu wanda zai burge ku. Akwatin ƙarfe ne da ake ɗaurewa a bayan moto, a ciki akwai kwalaben allurar wata-wata naɗe da jiƙaƙƙen buhu saboda zafi, da ƙwayoyi a ƙulle-ƙulle, ƙullin safe daban na yamma daban, don yawancin masu karɓa ba su karatu. Akwai tabarma, da sabulu, da reza, da almakashi, da ɗan madubi. Kada ku yi dariyar madubin. Mutumin da ya shekara a ɗaure, gashi ya duƙunƙune, farce ya yi zaƙo-zaƙo, ba ya yarda yana samun sauƙi sai an yi masa aski ya ga fuskar da ya sani. Shi kuma moton, duk wanda ya san yashin Mayahi ya san rabin tafiyar kai kake hawansa, rabin kuma kai kake tura shi.

Mu ne na ƙarshe da ake kira. Kafin a zo wurinmu an je wurin malam, an je wurin boka, an yi hayaƙi, an sayar da tunkiya, an sayar da ɗiyarta. Labo ya hana ni zagin ko ɗaya daga cikinsu. In ka zagi malamin gida, in ji shi, ba malamin za a bari ba, kai za a bari. Don haka abin da muke cewa shi ne, sha rubutunka, ka haɗiye ƙwayar da shi. Sannan ga dangi. Na ga uwar da ta ɗura wa ɗanta ƙwayar mako guda a lokaci ɗaya don ya warke da sauri. Na ga wanda ya raba tasa da maƙwabci mai ciwon haƙori, saboda zumunci. Shi ya sa a kowane gida mutum ɗaya muke zaɓa ya riƙe magani, kuma a gaban kowa ake damƙa masa, don kada gobe a ce ba a san wanda ya yi sakaci ba.

Babban aikin kuwa shi ne cire mari, wato ƙarfen nan da maƙeri ke bugawa a ƙafafun mutum in gida ya kasa da shi. Ku kuna ganin yankewa ne kawai. To, Labo ba ya taɓa marin sai magani ya zauna a jiki, mutum ya fara barci, ya fara gane masu shiga da fita. Kuma ba shi ke cewa a cire ba. Wanda ya sa aka buga shi zai tsaya gaban mai gari da maƙwabta ya ce da bakinsa ya yarda, sannan maƙerin da ya buga shi zai cire. Abin da ya fi duka, wanda Labo ba ya sassautawa a kai ko za a yi faɗa, shi ne ƙarfen ba ya kwana a gidan. Ya ga abin da ya isa: a cire mari, a jefa shi ƙarƙashin rumbu, ranar da mutumin ya ɗaga murya kan tuwo ya yi sanyi, sai a tuna da inda aka ajiye shi. Don haka ranar da aka cire, ranar za a kai shi maƙera a sa shi a wuta, a ƙera hauya da shi, a ba mai ƙafar. Ban san inda Labo ya samo wannan ba, ba a kuma koyar da shi a lakwal. Na gaje shi, na riƙe.

Aikin da na fi tunawa shi ne na Sanda, a wani ƙauye bayan garin Sarkin Hausa, lokacin Labo ya riga mu gidan gaskiya. Sanda manomi ne, mai ƙarfi, mai shiru-shiru. Ciwon ya kama shi bayan aurensa da kaɗan: yana jin muryoyi suna ce masa akwai mugun abu cikin hatsi. Wata rana da rana tsaka ya cinna wa rumbun wansa Ila wuta, abincin shekara ya tafi. Aka taru aka danne shi, Ila ya kira Tanko maƙeri ya buga masa mari, aka haɗa da kututturen gawo a bayan gida. Matarsa Habsu ta koma gidan iyayenta. Da na same shi, damina biyu ta yi masa a wurin, ƙafafun sun kumbura har ƙarfen ya nutse. Na yi ta zuwa ranar kasuwa ranar kasuwa, ina wanke gyambo, ina allura, ina zama. Shi bai ba ni wahala ba. Ila ne ya ba ni wahala.

"Majo, kai Tasawa kake kwana," in ji shi. "Mu ke kwana da shi. In ya sake, rumbun wa za shi ƙona, naka?"

Gaskiya ya faɗa, ban kuma musa ba. Na ce ya ci gaba da kallo kawai. Ya kalla har ya ga ƙanensa yana alwala da kansa, yana tambayar ko an yi wa jakin gida ban-ruwa. Wata safiya Ila ya same ni a kasuwa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in faɗa wa Tanko ya zo da kayansa.

Ranar cirewar gari ya taru. Ila ya tsaya ya ce shi ya sa, shi kuma ya yarda a cire. Tanko ya durƙusa ya sa itace tsakanin ƙarfe da fata, ya buga ƙusar ta fita. Sanda ya miƙe ya faɗi, ya sake miƙewa, don ya manta yadda ake buɗe ƙafa. Muka ɗunguma zuwa maƙera da ƙarfen a hannun Ila. Tanko ya sa shi a garwashi, ya ƙara masa wani guntu, ya yi ta duka da masaba a kan uwar maƙera har ya baje ya zama bakin hauyar tsaye, irin wadda ake noma da ita a yashinmu. Da ya huce aka sa mata ƙota aka miƙa wa Sanda. Ya juya ta, ya gwada kaifin da babban yatsa.

"Ashe ƙarhen na da kyau," ya ce. "Can da yake ƙahwata ban lura ba."

Mutane suka fashe da dariya, wasu mata suna share ido. Habsu ta dawo kafin girbi, ita muka ba riƙon magani. Suka haifi 'ya'ya mata. Shekara da shekaru Sanda bai taɓa fashin allurarsa ba. Ranar kasuwar Sarkin Hausa zan shimfiɗa tabarma a bayan gidan likita, in gan shi yana zuwa, sau da yawa da hauyar a kafaɗa ko ba lokacin noma ba ne. Abin da nake so ku gane shi ne, ciwon Sanda bai warke ba, kuma ba zai warke ba. Allurar ce ke riƙe da shi, duk wata. Aikin ke nan: mutum ɗaya, allura ɗaya, har ɗayanku ya mutu.

Sai aka kira mu taro a Maraɗi. Wani ya zo daga Yamai da injin haska hoto a bango, ya ce furojen, wato shirin agajin da ke sayen maganinmu, ya ƙare, gwamnati kuma nauyi ya yi mata yawa, don haka za a ba masu zaman kansu kwangilar aikin. Za su yi gasa, in ji shi, kamar masu tumatir a kasuwa: inda mutum biyu ke sayarwa, farashi na sauka, kaya na kyau. Na ɗaga hannu na ce mai sayen tumatir yana zaga kasuwa da hankalinsa da kuɗinsa, in bai ga dama ba ya haƙura da miyar, mutanena fa? Ya yi murmushi ya ce, "On prend note, Majo," wato an rubuta maganata. Aka raba mana burodi da lemo, taro ya tashi. Har yau ban san inda aka ajiye abin da ya ce ya rubuta ba.

Kilinik biyu suka samu yankinmu. Ɗaya na wani lokotoro ne, ɗayan na wani ɗan kasuwa da ya yi arziki da aya, ya ɗauki ma'aikata. Ba zan yi musu ƙarya ba: ɗakunansu tsaf, akwai fanka, akwai mota, maganinsu ba ya yankewa, ba kamar namu na gwamnati ba da wani lokaci sai ka buɗe kabad ka tarar da gizo-gizo. Ma'aikacin gwamnati a Tasawa ko ɗan kasuwa a Mayahi, in ɗansa ya kamu, ya samu wurin zuwa ba tare da an wulaƙanta shi a layi ba. Wannan ci gaba ne, na yarda.

Amma ku ji yadda aka rubuta kwangilar, don a nan haushina yake. Ana biyansu ne a kan sabon majinyaci. Wanda aka ciro daga mari kuwa shi ya fi tsada, da sharaɗin a kawo hoto da ƙarfen kansa a matsayin shaida. Irin wannan ana ba shi magani kyauta na 'yan watanni, daga nan ya zama kamar kowa, ya biya kati, ya biya ganin likita, ya sayi allura. Tsofaffin majinyata irin su Sanda, waɗanda suke zaune lafiya cikin iyalinsu, ba wanda ya sa su a lissafi, don lafiyarsu ba ta fita a hoto. Ni kuma aka yanke mini esansi, aka daina cika mini akwati, aka ce aikina yanzu in riƙa tura mutane can.

Wayyo, da kun ga gasar! Kowane kilinik ya ɗauki 'yan kamasho a kan moto suna bin ƙauyuka suna tambayar gidan da akwai mai mari. Ranar kasuwa a sa lasifika. Su zo da babban almakashin ƙarfe, su datse, su ɗauki hoto, su yi allura, su jefa ƙarfen a mota, kafin azahar sun yi gaba. Ba a tambayi wanda ya sa aka buga ba, ba a san maƙeri ba, ba a zaɓi mai riƙon magani ba. Can wajen garin Isawan motocin biyu suka haɗu a ƙofar gida ɗaya, direbobi suka yi ta cacar baki kan wanda ya riga zuwa, har aka kama rigar juna. Mai marin yana zaune yana kallonsu, daga baya ya ce wa ƙanwarsa ta kawo musu ruwa su huce. Wasu daga cikin waɗanda aka datse wa haka, kafin wata biyu sun koma kututture, wannan karon da sarƙar amalanke.

A kan wannan ne muguwar shekara ta same mu. Ruwa ya ɗauke hatsi na bununi, abin da ya tsira kuma tsutsa ta cinye kan. Mutane suka sayar da dabbobi a banza, matasa suka watse ci-rani, Ila ma ya tsallaka Najeriya. Na ci gaba da zuwa Sarkin Hausa a kan kabu-kabu, ina raba ɗan abin da ya saura a akwati, har ranar da Sanda ya zo ya naɗe hannun riga, na buɗe akwatin gabansa ya ga buhu ne kawai a ciki. Na tura shi kilinik ɗin da ke Mayahi. Ya hau amalanke ya tafi, ya dawo ya ce an karɓe shi da mutunci, an ba shi kujera, an faɗa masa abin da zai biya. Ya sayar da akuyar Habsu ya yi allura biyu. Bayan nan babu abin sayarwa sai irin shuka. Sai ya koma sayen ƙwaya wurin masu tallar magani a kan keke, jajaye da shuɗaye, waɗanda rana ta dafa, mai sayarwar ma bai san na mene ne ba.

Na tafi kilinik ɗin da kaina. Wanda ke riƙe da ɓangaren, Laminu, a hannuna ya yi sitaj, yaro mai hankali, ni na koya masa neman jijiya. Ya tashi ya ba ni kujerarsa. A bangon bayansa an jera maruruwa a kan ƙusoshi, kowane da ɗan kati a rataye, don baƙi masu zuwa daga Yamai su gani.

"Laminu, ka san Sanda. Kai ka taɓa yi mishi allura bisa tabarmata."

"Na san shi, Baba Majo."

"To ka ba ni tashi."

"Wallahi kowace kwalba da lissahinta. In na ba ka, daga albashina za a cire, kuma irin Sanda sun hi ƙarhin albashina. Jiya ma patron, mai kilinik ɗin, ya ce waɗancan sun hi mu kawo sababbi, in munka rasa kwangilar duk waje za a yi da mu. C'est la concurrence, Baba, gasa ce."

"In ya koma mari hwa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "In ya koma, wannan kuma muna iya ɗaukar shi."

Na fito raina a ɓace, ba don shi ba, don na san gaskiya ya faɗa. Duk da haka da zan hau kabu-kabu ya biyo ni ya cusa mini kwalba ɗaya a aljihu, wadda ya saya da kuɗinsa. Ta riƙe Sanda wata guda. Na roƙi wata a wurin wani mai farmasi a Tasawa, ta riƙe shi wani watan. Amma ba Sanda kaɗai nake da shi ba, kuma bara ba ta riƙe ciwon da ba shi da ranar ƙarewa.

Cikin bazara, gab da faɗuwar ruwa, Tanko maƙeri ya sa aka buga mini waya da safe ya ce in zo. Kafin in samu mai kai ni rana ta take. Na tarar da Tanko zaune bakin maƙera, ya tsufa, hannunsa a kan gwiwa, wuta ta mutu. Ya ce shekaranjiya Sanda ya zo masa da bakin hauyar nan, ya cire ta daga ƙota, ya ajiye a gabansa ya ce a mayar da ita yadda take.

"Na ce mishi gawayi ya jiƙe, Majo. Cikin bazara! Ya ce za shi jira shi bushe. Ya wuni nan, ya dawo jiya ya wuni. Yau da sahe ya zo da gawayinshi. Shi da kanshi ya yi zuga."

Na zaga bayan gida. Kututturen gawon yana nan inda yake, Sanda yana zaune a gindinsa, ƙarfe a ƙafa. Habsu ta naɗa masa tsumma a idon sawu don kada ya ci fata, tana tsaye nesa da 'yan matan a bayanta. Na cire takalmi na zauna. Idonsa ja, bai yi barci ba kwana da kwanaki, yana magana yana waiwaye kamar mai sauraren wani, amma ya gane ni.

"Sun dawo, Majo. Suna ce mini akwai abu cikin irin. Ranar nan na tsinci kaina bakin rumbu da ashana a hannu, ɗiyata ƙarama na kallona. Irin shuka ne kaɗai ya rage muna. Ila ba shi nan balle shi danne ni. Na ce gara in zo da ƙahwata tun ina da sauran wayo."

Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. A duk shekarun da na yi a aikin ban taɓa ganin mai hankalin da ya kai wannan ba, kuma ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Akwatina babu komai. Na ciro waya na kira Laminu na ce, "Akwai mai mari bayan Sarkin Hausa."

Mutumin da aka yi watanni ana ce wa ya kawo kuɗi, washegari da hantsi mota ta zo masa har gida. Aka datse ƙarfen, aka tsayar da shi aka ɗauki hoto, aka yi masa allura kyauta, aka rubuta shi sabon majinyaci. Laminu ya yi aikinsa da kyau, bai kuma yarda mun haɗa ido ba. Da direba ya sunkuya zai ɗauki ƙarfen na taka shi da ƙafa na ce wannan na gidan ne, maƙera za shi. Laminu ya matso ya ce a hankali, in ba ƙarfe ba shaida, in ba shaida ba allurar wata mai zuwa. Na ɗage ƙafata. In kun je sitaj can, ku duba bangon, yana nan, wanda ya fi sauran baƙi don ya sha wuta sau uku.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka da irin da bai ƙone ba. Da lokacin noman fari ya yi na koma ƙauyen. Kowa na gona, Sanda na zaune a ƙofar gida yana jiran maƙwabcinsa ya tashi daga aiki ya ara masa hauya. Ya yi aski, idonsa ya washe, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ya san daidai watan da kyautar za ta ƙare, ya ce bayan girbi ne kaɗan. Na ce kada ya damu da zancen hauya, yanzu zan biya wurin Tanko in sa ya ƙera masa sabuwa, ni zan biya.

Ya yi godiya, ya yi mini addu'a. Har na juya ya kira ni.

"Majo, ka ce ma Tanko shi sa ƙarhe mai kauri. Wanda za shi isa ƙahwa biyu."